Bana Ma Ban Sa Yarana Lesin Ɗin Hutu Ba

Duk shekara, da an shiga makon ƙarshe na zango na uku, sai takardar lesin ɗin hutu ta biyo yara gida a cikin jaka, haɗe da sakamakon jarrabawa da lissafin kuɗin zango mai zuwa. Ni malamar firamare ce, na san abin da ake koyarwa a lesin ɗin nan, na kuma san akwai yaran da yake yi wa rana, musamman wanda karatu ya yi wa nauyi ko mai shirin jarrabawar fita. Amma nawa ukun, Ummi da Abba da Auta, ban taɓa biya musu ba, bana ma ban biya ba. Kuɗin da zan kai makaranta na mota ne. Daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Satumba ne kaɗai ɗan boko a Kano yake samun sararin da zai kwana ya tashi a ɗakin kakarsa ba tare da ana ƙirga masa kwanaki ba. Hutun Sallah kafin ka gama zagayen unguwarku an koma aji.

Wata abokiyar aikina ta ce da ni, "Maman Ummi, ai yanzu waya ta sauƙaƙa zumunci, ga mota ta yi tsada." Batun tsada gaskiya ta faɗa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi bai sauko ba, shi ya sa tun bayan ƙaramar Sallah nake zubin adashe saboda wannan tafiyar, kuma na roƙi uwar adashe ta sa kwasata ta faɗo a Yuli. Batun waya kuwa ban yarda ba. Muna da zauren dangi a WhatsApp, kullum da asuba ana turo addu'a da hotunan suna da na biki. Ummi shekararta 13, ta san muryoyin mutane da yawa a dangin nan, amma da za ta yi karo da su a Kantin Kwari wucewa za ta yi. Mahaifiyata kuma, Inna, ba ta cikin zauren, wayarta ta kira ce kawai, in ma an kira ta ba ta wuce "lafiya lau, a gaida yaran."

Makonnin farko a cikin gari muka yi su, domin Baban Ummi ba ya iya barin shago, ni kuma ina da bashin ziyara da ya taru tun farkon zango. Akwai barkar haihuwa a Kurna, akwai dubiya a Ɗorayi, akwai gaisuwar rasuwa a Yakasai wadda na yi ta waya kawai, abin yana ci mini rai. Ba na kwasar yaran duka, ɗaya nake ɗauka kowace fita. Gidan rasuwa da Ummi na je, tun a cikin adaidaita na gaya mata yadda za ta yi: ta cire takalmi tun daga bakin tabarma, ta durƙusa, ta ce "ya ƙarin haƙuri, Allah ya jiƙansa," ta yi shiru, in an kawo ruwa ta kurɓa, in na miƙe ta miƙe. Ta yi daidai, sai dai muryarta ta yi ƙasa har sai da matar gidan ta matso da kunne. Matar ta riƙe hannunta ta ce, "Wannan ce takwarar Innarku? Allah ya raya." A hanyar dawowa hadari ya haɗo ta gabas, mai adaidaita ya saki labulen leda, kafin mu kai Gwammaja kwatoci sun cika sun amayo ledoji kan titi, ruwa har cikin ƙafafunmu. Duk damina haka muke fama, kuma rabin laifin namu ne mazauna unguwa, mu muke zuba shara a kwata.

Wata safiya da aka kwana ana ruwa na hau da su Dutsen Dala. Duk wanda zai hau, ya hau a irin wannan safiyar, ƙura ta kwanta, gari ya wanku. Ga Goron Dutse can a tsaye, ga hasumiyoyin babban masallacin Juma'a, ga kududdufan cikin gari suna ƙyalli tsakanin rufin kwano. Abba ya karanta labarin Barbushe da Tsumburbura a aji, sai tambaya yake a ina ɗakin gunkin yake, ni kuwa hankalina yana kan badala. An fara gina ganuwar nan tun zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekara 900 ke nan, yau daga sama sai ka yi da gaske kafin ka bi sawunta da ido. Inda ruwa bai cinye ba an sare an yi gini. Na nuna musu guntayen da suka rage, na ce su kalla da kyau.

Fitar da ta fi zama a ran Abba ita ce ta marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take. Mun tarar da wani dattijo zaune a bakin rijiyar rini, ya naɗe hannun riga, ya sa safar roba har gwiwar hannu. Ya tsoma farin ƙyalle ya juya shi a hankali a ƙarƙashin kumfa, ya ɗago. Abba ya ce, "Baba, ai kore ne." Dattijon ya ce, "Tsaya dai, ɗan samari." Ya baza ƙyallen a iska, muna kallo koren ya riƙa duhu yana komawa shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, ya ce haka za a yi ta yi, gwargwadon yawan tsomi gwargwadon duhun baba. Ya ce baba da toka da katsi ake zubawa a rijiyar, a bar su kwanaki su tsima kafin a fara rini, kuma ƙullin da ke fitar da zane a jikin ƙyallen mata ne suke yi a cikin gidaje da allura da zare. Daga gefe muna jin ƙarar mabuga suna dukan shadda a kan gungume. Abin da ya sosa mini rai shi ne yawan rijiyoyin da suka bushe, wasu an rufe, wasu shara ta cika su. Na sayi ɗan mayafi don Inna, ban yi ciniki mai tsanani ba.

Sai tafiyar gida. Garinmu wani ƙauye ne a ƙasar Kazaure. An haife ni 'yar jihar Kano, ina firamare a 1991 aka wayi gari aka ce mu 'yan Jigawa ne, gonakinmu da kasuwarmu kuwa suna inda suke. A tashar Ƙofar Ruwa muka shiga Sharon, na biya wa Ummi da Abba kujera, Auta a cinyata. Da mun bar Dawanau a baya sai gari ya buɗe, gero da dawa dama da hagu, kore shar har inda ido ya tsaya. A Ɗambatta masu talla suka yanyame mota da dafaffiyar gyaɗa da gasasshiyar masara da ƙwan zabi. Kafin Kazaure direba ya nuna wa yara aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Wani fasinja ya ce ranar da jirgin nan ya fara tafiya shi da Sharon sai a lahira, direba ya ce Allah ya kai mu.

Akwai maganar da nake so mutanen birni su ji game da zuwa ƙauye a watan Agusta. Idonka zai ga kore ko'ina ka ɗauka lokacin wadata ne, alhali shi ne lokacin da rumbu ya fi sauka ƙasa. Hatsin bara ya kusa ƙarewa, na bana bai nuna ba, ɗan kuɗin hannu ya tafi a taki da 'yan ƙwadago, kwanon gero a kasuwa kuma a lokacin ya fi tsada. Mutanenmu ba za su taɓa faɗa maka ba. Za su yanka maka kazar da suke tattali, su tuƙa tuwo da hatsin da suka auna na mako. Don haka wanda zai sauka da yara uku ya sauka da abincinsu. Ni shinkafa na ɗauka da taliya da manja da man gyaɗa da sukari da ganyen shayi da magi da sabulu, ga goron Inna, ga burodi na yaran gida. Na san waɗanda suke zuwa da burodi biyu su koma da but cike, kuma suna ganin sun yi zumunci. Wannan ɗora nauyi ne, ko da an karɓe ka da fara'a.

Ni ce 'yar farin Inna, saboda haka har yau ba ta kiran sunana, ba ta kuma sakin fuska da ni a gaban mutane. Da muka yi sallama ta fito daga madafi tana goge hannu da gefen zani, ta wuce ni ta kama Abba. "Lale marhabin da angona! Me ka kawo mini, ko hannu rabbana ka zo?" Ta juya kan Ummi, "Ke kuma takwara, kishiyar banza, kin yi tsawo ba kya ko gaida mutane." Ta saɓa Auta a kafaɗa. Ni ina durƙushe ina "Inna, mun same ku lafiya? Ya ruwa?" Ta amsa tana kallon wani wajen, "Ruwa ya yi gyara. Ku shiga daga ciki." Amma da na shiga ɗakin da aka share mana na tarar an ɗaura sabon gidan sauro, ga kwanon sha cike da fura an dama ta da tsamin da nake so tun ina yarinya, ba sukari. Yaran ba sa shan fura haka, ta sani. Tawa ce. Ummi ta taɓa tambayata ko Inna ba ta sona ne, wannan karon na kira ta na nuna mata kwanon.

Washegari Inna ta tsara mana zagayen gaisuwa, kuma ba a saɓa tsarinta. Gidan Baffa ne farko, ƙanen mahaifinmu, shi ne babba yanzu. Sai gidan liman, sai duk gidan da aka yi rashi tun zuwanmu na bara, sannan gidajen haihuwa, sannan sauran. Kowane gida sai an zaunar da mu an kawo ruwa, sai an tambayi Baban Ummi da mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya, sai tsohuwar gidan ta kama haɓar yaro ta faɗi wanda ya ɗebo. Ummi ta gaji da jin "wannan 'yar wance ce, kakarta da kakanki ciki ɗaya," sai ta ɗauko littafin rubutu da na sa mata a jaka don bitar lissafi, ta zauna gaban Inna da dare ta ce a faɗa mata tun daga sama. Inna ta miƙe ƙafa ta fara lissafo wanda ya haifi wane, wadda aka kai Roni, wanda ya tafi ci-rani Ikko bai dawo ba, waɗanda ƙyanda ta kwashe a shekara guda. Sunayen da kunya ta hana ta faɗa, na mijinta da na surukanta, sai ta ce a tambayi Baffa. Littafin ya kusa rabi kafin mu bar garin. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ƙanena ya tafi da Abba maƙabarta ya nuna masa kabarin mahaifinmu. Da ya dawo bai yi wasa ba sai bayan la'asar.

Mun iske an gama maimai, gero ya fara fitar da kai, ana ciran gyaɗa da shukar wake a tsakanin kunya. Abba ya nace sai ya bi Kawunsa gona, aka ba shi ƙaramar fartanya. Kafin azahar tafin hannunsa ya yi bororo, amma bai yarda ya dawo ba sai da aka kai abinci, ya zauna gindin kuka da 'yan ƙwadago ya ci ɗanwake da hannu ɗaya. Ummi kuma matar ƙanena ta ja ta bayan gari tsinkar tafasa. Ta koya mata a tsinki kan ganyen mai taushi, a bar wanda ya tsufa. Aka dafa aka tsiyaye ruwan, aka matse, aka daka ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri, aka yanka albasa, aka ɗiga man gyaɗa, Inna ta cuɗa da hannunta a cikin akushi. Yarinyar da a Kano sai an yi faɗa take cin ganye, ita ce ta side akushin. Da hantsi Fulani suke shigowa da nono da man shanu da ƙwan zabi, don damina ce lokacin da zabi suke zuba ƙwai, arha ta sa kullum sai na dafa wa yaran gidan duka.

Sai marka ta sauka. Ruwa ba mai ƙarfi ba, amma ba ya ɗaukewa, dare da rana, kayan da aka wanke sun ƙi bushewa, itace ya jiƙe sai hayaƙi. Ɗakunan ƙasa suka fara shan ruwa. Cikin dare muka ji rugugi, ashe katangar madafi ce ta zube, Allah ya kiyaye ba kowa a wajen. Da gari ya waye ban ga wanda aka aika ya kira kowa ba, sai ga maƙwabta da sungumi da kwando, aka kwashe ƙasar, aka kafa zana kafin rani a yi gini. Ɗakin Inna na soro ne, indararonsa ya toshe, ƙanena ya hau cikin ruwan ya buɗe. Mun daɗe muna roƙonta a yi mata rufin kwano tana ƙi, wai kwano zafi da ƙara. Bana na ga inda azara ta fara ruɓewa da idona, na kira ƙannena da ke Kaduna da Abuja na ce a haɗa kuɗi kafin wata daminar, ko tana so ko ba ta so. A kwanakin markar nan wayata ta mutu, mai caji sai ranar kasuwa, yaran suka koma tatsuniya a ɗakin Inna da fitilar sola. Abu biyu na tsaya a kansu ban sassauta ba: ba mai zuwa kududdufi, kuma da magariba kowa ya shiga gidan sauro. Masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan ƙasa da shekara biyar, wanda ake bi gida-gida wata-wata a damina, sun zo muna can, na nuna musu katin Auta na Kano suka ba ta na wannan watan.

Daga nan Baban Ummi ya rufe shago ya iso, muka kama hanyar Damagaram a ƙasar Nijar. Gwaggonsa ce a can, ƙanwar mahaifinsa, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Tana yarinya aka kai ta aure gidan wasu fatake masu kai goro da tufafi arewa su dawo da fata. Rabonmu da ita tun kafin a rufe iyaka a Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. An buɗe a Maris na 2024, amma yau da gobe ta hana mu zuwa.

A Daura muka tsaya don yara su ga rijiyar Kusugu. Tana cikin gini yanzu, mai kula da ita ya ba su labarin macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da zuwan Bayajidda, da sarauniya Daurama, da Bawo da Hausa Bakwai. Ya ja guga ya ba kowa ya sha. Abba ya leƙa ya ce ai rijiyar ƙarama ce, ina macijin zai kwanta, mutumin ya yi dariya ya ce da malam ya zo. Muka wuce Kwangwalam, muka canji kuɗi. Nan ne na ji a jikina yadda naira ta faɗi. Wajen 2012 jaka ɗaya ta sefa, wato sefa 1,000, ba ta kai naira 400 ba, yanzu ta haura 2,000. Da mu ne masu zuwa Nijar muna ganin komai arha, yau su ne suke shigowa Kano sayayya da ƙarfinsu. Tsayawa a shingaye da duba takardu ta ci mana lokaci mai yawa, yara suka galabaita, amma mun wuce lafiya.

Tsakanin Ɗan Barto da Matamaye ƙasa ta koma rairayi, gero bai kai na garinmu tsawo ba. Abin da ya cika gonakin shi ne gawo, bishiya bayan bishiya, duk ba ganye. Abba ya ce bishiyoyin nan sun mutu. Babansa ya ce da ransu, gawo da damina yake zubar da ganye, shi ya sa ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen da ya zuba ya zama taki, da rani kuma ya yi kore dabbobi su ci 'ya'yansa. Manoman yankin da gangan suke barin tohonsa ya girma a gona, kuma geron da ke gindinsa ya fi na fili kyau, muna gani daga mota. Muka wuce Kance, muka hau babban titi a Takeita, muka bi ta Tirmini, inda sojojin Faransa suka ci rundunar Damagaram a 1899.

Gwaggo tana zaune a kan buzu a ƙofar ɗakinta. Da ta ji sallamar Baban Ummi ta ɗaga kai, amma ba wajenmu take kallo ba. Ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, ni ne." Ta laluba ta kama kansa. Sai ta ce, "Ina mai sunan Yaya?" Aka tura Abba gabanta. Ta bi fuskarsa da tafin hannu, goshi, hanci, kunne, ta ce, "Kunnen nan nasa ne." Ta fashe da kuka tana "Yayana, ka zo?" Yaron ya tsaya cak, bai janye ba. Baban Ummi ya tashi ya fita zaure. Duk tsawon zamanmu Yaya take kiran Abba, ita ke cire masa tsoka daga kwanonta, in ya fita ta ce a bi mata Yaya kada ya ɓata.

Ba wanda ya taɓa gaya mana idonta ya kai haka. Duk kiran da ake yi "lahiya lau" take cewa, 'ya'yanta kuma sun ɗauka tsufa ne, ba abin da za a tayar wa mutanen Kano hankali a kai. Na matsa kusa da ita da rana na ga farin abu ya rufe ƙwayar idon duka biyu. Irinsa ne ya kama surukar ƙanwata, yanar ido, aka yi mata aiki a Kano ta dawo tana zura zare a allura. Ni ba likita ba ce, na dai ce lallai likita ya gani.

Babban ɗan Gwaggo, taubashin Baban Ummi, tun daga zaure ya tare mu da "ga bayinmu Kanawa sun iso, a ba su tabarma a waje." Baban Ummi ya ce mun zo duba ko har yanzu da garwa kuke sayen ruwa. Wasan Kanawa da Damagarawa ke nan, tushensa yaƙe-yaƙen da aka yi, har zuwa hare-haren Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga a ƙasar Kano zamanin Sarki Alu. Maganar ruwan kuwa ba wasa ba ce kawai. Garin a kan dutse yake zaune, ƙarancin ruwa tsohon ciwonsa ne. A gidan Gwaggo famfo sai tsakar dare yake kawowa in ya kawo, duk wani baho da tulu a jere suke ƙarƙashin indararo. Yarana da suke sakin famfo suna goge baki sun koyi wanka da rabin bokiti ba tare da na ce komai ba.

Shi taubashin ne ya zaga da mu Birni, tsohuwar unguwar garin, da ɗan gari kan ci gari. Lunguna ne ƙanana suna bi ta tsakanin manyan duwatsu, gidaje da zanen ado a fuskar zaure irin wanda a Kano sai a tsofaffin unguwanni ake samun ragowarsa. Mun tsaya ƙofar fadar Sarkin Damagaram, dogarai da jajayen kaya suka amsa gaisuwarmu. Ya ce nan ne babban birnin Nijar a zamanin Faransa har 1926 da aka mai da shi Yamai, kuma ya faɗe shi da muryar wanda har yanzu abin yake yi wa ciwo. Ranar Alhamis muka shiga kasuwa, na sayi takalman fata da cuku da dabino. Ummi ta rikice da lissafi, don a can da dala ake ƙirga kuɗi, mai kaya ya ce dala ashirin yana nufin sefa 100, sai jikar Gwaggo, sa'arta, ta karɓi cinikin. Kafin yamma sun zama ƙawaye. Da dare maza suna zaure ana dafa shayi a kan gawayi, zagaye uku, mu muna tsakar gida Gwaggo tana ba Ummi sunayen ɓangaren babanta tana rubutawa a bayan littafin nan. A nan muka ji cewa kakan Baban Ummi ba a Kano aka haife shi ba, daga wani gari kusa da Magarya ya zo almajiranci ya zauna. Shi kansa Baban Ummi bai sani ba.

Da za mu taho uwar ƙawar Ummin nan ta ce, "Sai Oktoba za su koma lakwal, ku tafi da ita ta ga Kano." Muka taho da ita. Muka biya ta wajen Inna, lokacin gero ya fara nuna, ta gasa wa yara tumu, ta ɗaure mana daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, ta ba angonta zabuwa mai rai. Ni ta ce da ƙofa, ba da ni ba, "A dinga kula da cin abinci, an rame."

Tafiyar ta ci kuɗin adashen duka har da ƙari. Bayan dawowarmu zazzaɓi ya kwantar da Abba, aka gwada aka ce na sauro ne, ya sha magani ya tashi. Yanzu ana ta ɗinkin kayan makaranta da sayen littattafai, baƙuwarmu kuma ta ga gidan zu da Kantin Kwari, saura Gidan Makama da na yi mata alkawari ranar Asabar. Baban Ummi ya je asibitin ido a nan Kano ya yi bayani, sun ce sai sun gan ta kafin su ce komai game da aiki. Taubashin zai zo ɗaukar 'yarsa ƙarshen wata, mun yi da shi zai taho da Gwaggo, ta zauna wajenmu har a gama. Na kwashe kayan ɗinki daga ɗakin baƙi, Ummi ta ce ita za ta riƙa kwana da ita saboda fitar dare.